Alamar tsayarwa tana ninkuwa a Eclipse, dibaga kuma tana tsayawa sau biyu a layi ɗaya

Ɗan Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Ina neman taimakonku a kan wata matsala da ta hana ni sakat tun farkon makon nan. Ina aiki ne a sashen kwamfuta na wani kamfanin rarraba kaya da ke Ikeja, kuma wata huɗu ke nan da aka danƙa mini kula da manhajar da ke riƙe da lissafin dilolinmu. Tsohuwar manhaja ce da aka rubuta da Java 8 da Spring, tana gudana a kan sabar Tomcat 9, an kasa ta gida biyar a Maven, kayan aikin da ake gina ta da shi, waɗanda suka gina ta kuwa duk sun bar kamfanin kafin zuwana.

Abin da ya kai ni ga bin diddigi shi ne ƙorafin mutanen sashen kuɗi, cewa akwai dilolin da ake rubuta wa kamasho sau biyu a aikin da manhajar take yi da kanta kowane dare. Sai na tayar da sabar gwaji da `catalina.sh jpda start`, na haɗa Eclipse, manhajar da nake rubuta kod da binciken kuskure a cikinta, da tasha ta 8000, na mayar da lokacin aikin kowane minti biyar domin kada in jira dare, sannan na dasa alamar tsayarwa (breakpoint), wato alamar da ke sa dibaga, kayan binciken kuskure, ta dakatar da manhajar, a layi na 212 na kilas ɗin, wato ɓangaren kod, da ke yin lissafin.

Daga nan al'amura suka dagule. A jerin alamomin da Eclipse take nunawa, alamar layi na 212 ta bayyana har sau biyu, kuma idan na cire ɗaya, ɗigon shuɗin da ke gefen layin yakan ɓace, amma dibaga ba ta fasa tsayawa a wurin ba. Idan lokacin aikin ya yi, sai ta tsaya a layin, in sake ta, ta sake tsayawa a wannan layin dai da bayanan dila ɗaya. Bugu da ƙari, a ɓangaren shafin da dilolin suke gani, wanda nake bi ta Chrome daga wata manhajar rubuta kod, ina samun saƙon da ke cewa "Breakpoint at specified location already exists" duk lokacin da na sabunta shafin.

Na kashe Eclipse na kunna, na sake gina manhajar da `mvn clean package`, ban ga canji ba. Wani abokin aiki ya ba ni shawarar in goge foldar `.metadata` gaba ɗaya in fara sabon wurin aiki, amma ina tsoron in rasa saitin da na sha wahalar haɗawa. Ƙarshen wata ya matso, kuma ba zan iya gano kuskuren lissafin ba alhali kayan aikin da nake bincike da shi ya rikice. Ina zan fara?

---

Tsohon Ma'aikacin Marina ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka goge `.metadata` tukuna. Abubuwa uku ka lissafa, kuma duk da cewa kamanninsu ɗaya, ina ganin ba tushensu ɗaya ba. Zan yi magana a kan biyun da suka shafi Java, domin a nan na fi daɗewa.

Na farko shi ne mai sauƙi. Eclipse ba ta rubuta alamar tsayarwa a cikin kod ɗinka, tana ajiye ta ne a wurin aiki, a ƙarƙashin `.metadata`, a matsayin tambari da ke manne da wani fayil ta hanyar da aka bi aka buɗe shi. Ka ce manhajarku gida biyar ce a Maven. Idan aka shigo da uwar aikin da 'ya'yanta duka, fayil guda yakan bayyana ta hanya biyu, sau ɗaya a ƙarƙashin uwar, sau ɗaya kuma a ƙarƙashin ɗan. A faifai fayil ɗaya ne, amma a idon Eclipse abu biyu ne, kowanne da nasa tambarin. Ka buɗe shi ta wannan hanya jiya ka dasa alama, ka buɗe ta waccan yau ka sake dasawa, shi ke nan sun zama biyu. Wannan ne ya sa kake cire ɗaya ɗigon ya ɓace, ɗayar kuma tana nan tana aiki. Maganinsa shi ne ka shiga jerin alamomin ka zaɓi cire su duka a lokaci guda, ka rufe dukkan fayilolin da ke buɗe, sannan ka buɗe kilas ɗin ta ƙarƙashin ɗan aikin kaɗai ka dasa alama ɗaya. Idan kana da alamomi masu sharaɗi da ba ka so ka rasa, Eclipse tana ba da damar fitar da su zuwa fayil kafin ka goge.

Na biyun ne ya fi ɗaukar hankalina, kuma ina roƙonka ka nutsu a kansa. Alama biyu a layi ɗaya ba su isa su sa zare ɗaya (thread), wato jerin aiki guda da ke gudana a cikin manhajar, ya bi ta layin sau biyu ba. Idan injin Java ya iso wuri guda da buƙatun tsayawa biyu suke jira, yakan haɗa su ne ya aika wa dibaga a dunƙule, ta tsaya sau ɗaya. Saboda haka idan bayan ka share jerin har yanzu tana tsayawa sau biyu, to dibaga gaskiya take faɗa maka: ko dai layin yana da mazauni fiye da ɗaya a cikin baitkod, wato umarnin da injin Java yake gudanarwa bayan an harhaɗa kod, ko kuma ana gudanar da shi sau biyu da gaske.

Game da mazauni, ka tuna cewa injin bai san layi ba, wuraren umarni ya sani. Lokacin da `javac` yake harhaɗa kod, yana rubuta wani jadawali mai suna `LineNumberTable` da ke danganta lambar layi da wurin umarni, kuma babu dokar da ta ce layi ɗaya wuri ɗaya. Kan madauki na `for` yana da wurin farawa da wurin ƙarin ƙidaya. Abin da ke cikin `finally` ana kwafe shi ne ga kowace mafita daga `try`. Layin da ke ɗauke da lambda, wanda ya zama ruwan dare tun fitowar Java 8 a 2014, yana da rabi a hanyar (method) da kake gani, rabi kuma a wata ɓoyayyiyar hanya da `javac` ya ƙirƙira, mai suna da ya fara da `lambda$`. A irin wannan layi dibaga za ta iya tsayawa a waje, ta kuma tsaya a ciki ga kowane abu da ke jerin. Ka gudanar da `javap -l -p` a kan kilas ɗin ka ƙirga sau nawa 212 ya fito. Idan ya fito fiye da sau ɗaya, ka matsar da alamar zuwa layi mai sauƙi na gaba, irin wanda ke sanya ƙima a ma'ajiyar ƙima (variable) kawai.

Idan kuwa sau ɗaya ya fito, ga abin da nake so ka yi. Duk lokacin da ta tsaya, ka rubuta abu uku a takarda: sunan zaren da ya tsaya, lambar shaidar da Eclipse take nunawa a gaban `this`, da sakamakon `getClass().getClassLoader()` idan ka saka shi a akwatin gwada jimloli. Ka yi haka a tsayawar farko, ka yi a ta biyu, ka dawo mana da su. A Java, abin da ke bambanta kilas da kilas ba suna kaɗai ba ne, suna ne haɗe da wanda ya loda shi, wato mai lodi (class loader) da ya shigo da shi cikin injin. Kilas mai suna ɗaya da masu lodi biyu suka ɗauko kilas biyu ne a wurin injin, dibaga kuma takan dasa alamarka a jikin kowannensu, domin da suna take neman sa.

---

'Yar Idi-Araba ta amsa:

Malam ya gama da ɓangaren Java, bari in ɗauki na Chrome, tunda da shi nake aiki kullum. Saƙon nan da ka kawo daga injin V8 yake fitowa, wato injin da ke gudanar da JavaScript a Chrome da Node. Manhajar da kake rubutu a ciki tana aika masa buƙatar ya dasa alama a fayil kaza, layi kaza, idan kuma ya ga an riga an ba shi wannan buƙatar a wannan zaman, sai ya ƙi karɓa ya mayar da wannan amsa. Ba ya nufin kod ɗinka ya lalace, kuma alamar farko tana nan daram.

Abin da ya fi jawo shi a irin aikinku shi ne taswirar da ke danganta kod ɗin da ka rubuta da wanda aka dunƙule aka aika wa burauza. Idan an matse kod ɗin, layuka da yawa naka za su iya faɗawa wuri ɗaya a dunƙulallen fayil, sai alamomi biyu da kake gani a wurare daban su zama buƙata ɗaya a wurin V8. Haka kuma idan akwai tsohuwar foldar gini da sabuwa, kuma saitin dibaga yana karanta taswirorin duka biyun, za a aika buƙatar sau biyu. Ka goge foldar da ake zuba ginannen kod, ka sake gini ba tare da matsewa ba, ka duba saitin ya nuna folda ɗaya tak, sannan ka kashe zaman dibagar ka sake haɗawa maimakon ka riƙa sabunta shafin kawai.

Shawarata dai ita ce ka ajiye wannan a gefe har sai ka gama da wancan. Kamasho a saba ake lissafa shi, ba a burauza ba, kuma ban ga yadda wannan saƙo zai taɓa kuɗin kowa ba.

---

Mai Kula da Saba ya amsa:

Ina goyon bayan abin da Malam ya ce game da rubuta abu uku, kuma zan ƙara yadda za ka karanta sakamakon, saboda na taɓa kwana biyu a kan irin wannan a wani wurin aiki da ke Apapa.

Idan mai lodi ɗaya ne a tsayawar biyu, amma lambar `this` ta bambanta, to Spring ce ta ƙirƙiri abin sau biyu. Wannan yakan faru a tsofaffin manhajoji da ke da `web.xml`, inda `ContextLoaderListener` yake gina babban mahalli, wato wurin da Spring take riƙe abubuwan da ta ƙirƙira, `DispatcherServlet` kuma yake gina nasa ƙarami, sai a ba su duka biyun umarnin su laluba fakiti ɗaya. Kowannensu zai ƙirƙiri nasa kwafin kilas ɗin da ke da `@Scheduled`, alamar aikin da ke tashi da agogo, kuma idan an kunna jadawalin aiki a mahallan biyu, kowane kwafi zai tashi idan lokaci ya yi. Gyaran shi ne a taƙaita ƙaramin mahallin ga masu karɓar buƙatun shafi kawai.

Idan kuma masu lodin ne suka bambanta, to ka bar Eclipse ka je ka buɗe `conf/server.xml`. Ka nemi wani layi na `Context` a cikin `Host`. Mutane da yawa idan suna so manhaja ta buɗe a tushen adireshi ba tare da an rubuta sunanta ba, sukan saka `Context` mai `path` fanko, su nuna masa fayil ɗin WAR, wato ƙunshin manhajar, da ke zaune a cikin foldar `webapps`. Tomcat zai tayar da ita sau ɗaya saboda wannan layin, sannan ya zo yana duba `webapps` kamar yadda ya saba idan `deployOnStartup` yana kunne, ya tarar da fayil ɗin, ya sake tayar da ita a ƙarƙashin sunanta. Takardun Tomcat da kansu sun yi gargaɗi a kan wannan, kuma ba su son a riƙa saka `Context` a `server.xml`. Masu amfani da shafi ba za su lura da komai ba, domin kowace buƙata kwafi ɗaya take zuwa wa. Ayyukan da ke tashi da agogo ne kaɗai suke tona asiri. Gwajin da ya fi sauri shi ne ka buɗe adireshin sabar a burauza ba suna, ka kuma buɗe shi da sunan manhajar a ƙarshe. Idan duka biyun sun kawo shafin shiga, ka samu amsarka. Za ka iya tabbatarwa da ƙara `-verbose:class` a zaɓuɓɓukan injin, ka ga ko an loda kilas ɗin sau biyu.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba, amma ba zan yi shiru a kansa ba. Tashar da ka buɗe ta 8000 ba ta neman kalmar sirri, duk wanda ya isa gare ta zai iya gudanar da abin da ya ga dama a cikin injin. Daga Java 9 zuwa sama, idan ka ba da lambar tasha kaɗai, injin yana saurare ne daga cikin na'urar kawai, sai ka rubuta `*:8000` kafin ya karɓi na waje. A Java 8 da kuke kai ba haka abin yake ba, lambar tasha kaɗai tana buɗe ƙofa ga duk hanyar sadarwar. Ka duba abin da aka saka a `JPDA_ADDRESS`, ka bar shi a `localhost:8000`, ka riƙa isa gare shi ta ramin SSH, wato killatacciyar hanyar da ke haɗa kwamfutarka da sabar. Kuma ina roƙonka kada matsin ƙarshen wata ya sa ka haɗa dibaga da sabar da dilolin suke aiki a kai, domin zaren da ka tsayar yana iya riƙe da makullin wani teburi a rumbun bayanai, sauran ma'aikata su tsaya cik ba su san dalili ba.

---

Ɗan Agege ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na tsaya a ofis bayan an tashi na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ga abin da na samu.

Maganar Malam a kan uwa da ɗa haka take. Na cire alamomin duka, na buɗe kilas ɗin ta ƙarƙashin ɗan aikin, jerin ya nuna alama ɗaya tak, ban taɓa `.metadata` ba. `javap` ya nuna layi na 212 sau ɗaya kawai. Amma da lokacin aikin ya yi, dibaga ta sake tsayawa sau biyu. A wannan karon na lura da abin da ban kula da shi ba a baya, wato zare biyu ne suke tsaye tare a akwatin dibagar, ni kuma da ina sakin na farko sai Eclipse ta nuna mini na biyun, in ɗauka wancan ne ya dawo. Da na gwada `getClass().getClassLoader()`, duka biyun `ParallelWebappClassLoader` ne, sai dai ɗaya ya nuna mahallin `ROOT`, ɗayan kuma ya nuna sunan manhajarmu.

Na buɗe `server.xml` na tarar da layin `Context` ɗin kamar yadda Mai Kula da Saba ya siffanta, kuma adireshin biyu duka suna kawo shafin shiga. Na nemi izini na karanta na babbar saba, ba tare da na canza komai ba, shi ma haka yake. Ke nan aikin dare sau biyu yake tashi a daƙiƙa ɗaya. Kod ɗin yana fara duba ko an riga an rubuta wa dila kamashon ranar kafin ya rubuta, shi ya sa yawancin lokaci kwafi ɗaya yake riga ɗayan, komai ya tafi daidai. Sai idan sun duba a tare, kowanne ya ga babu, sannan su rubuta su biyun. Wannan ne ya sa ba kowane dila abin yake shafa ba, kuma ba kowane dare ba.

Kwana uku ina ƙoƙarin kawar da tsayawa ta biyun a matsayin matsalar kayan aiki, ashe ita ce kuskuren da aka aiko ni nema. A sabar gwaji na cire layin `Context`, na sauya sunan fayil ɗin zuwa `ROOT.war`, na goge tsohuwar foldar da aka warware a `webapps`, yanzu sau ɗaya take tsayawa. Na kuma gyara `JPDA_ADDRESS`. Hajiya, ban kai ga na Chrome ba tukuna, zan bi bayaninki idan an rufe lissafin wata. Tambayar da ta rage mini ita ce ko wannan gyara ya wadatar in kai wa shugaban sashenmu a matsayin an gama.

---

Tsohon Ma'aikacin Marina ya sake amsawa:

Madalla, ƙanena, ka yi aiki mai tsafta. Ka kai masa, amma kada ka ce an gama, domin abin da ka cire shi ne abin da ya fallasa raunin, raunin kansa yana nan a cikin kod. Dubawa sannan rubutawa, ba tare da wani abu ya tsare tsakaninsu ba, zai sake ba ku matsala ranar da kamfanin ya ƙara saba ta biyu domin raba nauyi, saboda kowace saba za ta tayar da nata aikin daren. Ka nemi a saka ƙa'idar hana maimaici a teburin kamasho, a kan lambar dila haɗe da ranar lissafi da nau'in kamasho, ta yadda rumbun bayanan da kansa zai ƙi rubutu na biyu. Wannan ƙa'ida ba za ta hau ba matuƙar akwai tsofaffin layuka masu maimaici a teburin, saboda haka sai an fara tsabtace su. Kada ka goge ko ɗaya da hannunka. Ka fitar da jerinsu ka miƙa wa sashen kuɗi, domin wasu an riga an biya, kuma su ne suka san yadda ake warware irin wannan da dila ba tare da an ɓata hulɗa ba.

Idan maganar saba ta biyu ta taso, Quartz, kayan tsara jadawalin aiki a Java, yana da tsarin da sabobi suke raba jadawali ta rumbun bayanai idan aka kunna `isClustered`, akwai kuma ShedLock ga wanda yake so ya ci gaba da `@Scheduled` ɗinsa. Kafin ku taɓa babbar saba kuma, ka bincika ko akwai wata manhaja ko wani dila da ya saba shiga ta adireshin mai suna a ƙarshe, domin da zarar ka mayar da ita `ROOT.war` wancan adireshin zai daina amsawa. Ka duba rajistar shiga ta Tomcat ta makonnin baya, za ka ga masu bin ta can, sai a sanar da su ko a saka musu turawa zuwa sabon adireshin kafin daren da za ku yi canjin.